Hannu Rabbana Kawu Ya Tafi

Jiya na ji ƙamshin ɗanyen wake da maƙwabta ke dafawa, sai Kawu ya faɗo mini a rai, don a kakar wake ya rasu, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Wan mahaifiyata ne, yana cikin Kiristoci ƙalilan na ƙauyenmu kusa da Kurfi.

Da ciwonsa ya tsananta, ina zaune ina yi masa fifita sai abokinsa, wani dattijon Bafulatani, ya shigo dubiya. Ya durƙusa ya ce, "Kada ka ji tsoro, aboki. Rijiyar da ka haƙa mana ma ta isa ta cece ka."

Ni ma na shiga tuna masa cewa ya bar giya, ya bar faɗa, ya riƙe marayu.

Kawu ya yi murmushi ya ce, "'Yata, sauke mini wannan kaya, ba zan iya ɗauka ba. Na daɗe ina gyaran halina kamar mai yaɓe da damina, ina yaɓawa yana zubewa. Yesu bai jira na gama ba ya karɓe ni. Hannu rabbana zan je, alherinsa ya ishe ni."

Ya buɗe tafukansa masu kanta a kan tabarma. Ban taɓa ganin fuska mai natsuwa irin wannan ba. Dattijon ya sunkuyar da kai.

Allah, ranar da tawa ta zo, ka same ni dogare da alherinka kaɗai. Amin.