Igiyar Iya Madina

Shekara uku ke nan ina sakataren kwamitin sulhun manoma da makiyaya na Rijiyar Sada, gabas da Baure. Mun yi zama ashirin da shida. Kujerunmu goma sha ɗaya ne, kuma takardar da ta kafa mu ta ce ɗaya ta makiyaya ce, tunda su gida tara ne kacal cikin gidaje ɗari biyu da 'yan kai. Wanda ke kan kujerar tasu Alhaji Zailani ne, dillalin shanu a cikin gari, wai don kakansa Bafulatani ne. Rabonsa da taka burtali, Allah kaɗai ya sani.

Wadda ta san burtalin ita ce Iya Madina. Shekararta arba'in da ɗaya a rugar nan. A nan ta haifi 'ya'ya bakwai, a nan ta binne uku, ta binne mijinta. Kullum da hantsi takan biyo burtali da ƙwaryar nono a ka, taku dubu huɗu da ɗari biyu zuwa bakin kasuwa, ni da kaina na ƙirga. Hanyar nan ita kaɗai ce shanunsu ke bi zuwa tafki. Ɗanta Hafizu ya riga ya faɗa mata, ranar da ta toshe zai kora garken ya tsallaka Nijar, ita ma ta ɗaure kayanta. Ita kuwa ba ta ga abin da zai raba ta da inda kabarin mijinta yake ba.

Bana da damina wata saniyar Hafizu ta kai baki gonar wani manomi, Munzali, aka ɗaga sanduna, mutum biyu suka sha ɗinki. Kwamiti ya tura ni in duba turakun siminti da gwamnati ta kafa a gefen burtalin shekara goma sha biyu da suka wuce. Na hau babur, na ƙirga ashirin a dama, ashirin a hagu, na dawo cikin minti talatin da biyar. Na rubuta: turaku arba'in cif, babu matsala. Har daɗi na ji.

Washegari Iya ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gidana.

"Sakatare, an ce ka ƙirga turaku."

"Arba'in ne, Iya. Sau biyu na bi su."

"Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Ka tambaye su inda suka kwana bara?"

Ta zaro wata tsohuwar igiya duk ƙulle-ƙulle, ta ce in biyo ta. A tsakiyar tsawon burtalin akwai kuka a gefen gabas. Ashe tun shekarar da aka kafa turakun, duk bayan noman farko takan ɗaura igiyar a jikin kukar, ta ja ta zuwa turken da ke yamma, ta yi ƙulli. Na auna. Ƙullin farko gaba goma sha takwas. Na bana gaba biyar. Na tsaya da alƙalami a hannu kamar wanda aka kwaɗa wa mari. Ni da ke ƙirga har matakalar masallaci, ban auna tsakani ba.

A zama na ashirin da huɗu na shigo da ita, na shimfiɗa igiyar a tsakar ɗaki. Alhaji Zailani ya gyara hula.

"Haba Iya, ai ni ne wakilinku. Da kin kawo mini kukanki."

"Sau nawa na kawo maka nono, Alhaji? Ka taɓa tambayata ta ina na biyo?"

Munzali, da shi ma yana wurin, ya ce shi dai bai taɓa ganin siminti da ƙafa ba.

"Ba shi da ƙafa," in ji Iya, "amma yana da maƙwabta."

Mutum huɗu suka yi dariya, shida suka sunkuyar da kai. Shugaban kwamiti, Malam Suhaibu, ya ɗauki takarda ya karanta a hankali, ya ce an rubuta a duba turaku, ba a rubuta a auna tsakaninsu ba, igiya kuwa ba ta da hatimi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa fa, ita ma sai da hatimi?" Sai da na yi musu naci na awa ɗaya da kwata kafin biyar suka yarda suka biyo mu.

Na aro diga. Muka ɗaura igiyar a kuka, muka ja ta har ƙullin farko, ya kai mu tsakiyar geron Munzali. Sara na tara digar ta yi ƙara. Gindin simintin da aka dasa turken a kai yana nan kwance inda aka zuba shi. Munzali ya ce a haka ya gaji gonar. Mahaifinsa kuwa yana da rai, jiya ma na gan shi a kasuwa.

Aka ce a bari sai an yi girbi. Aka yi girbi. Turaku bakwai aka mayar mazauninsu, har da na gaban kuka. Sauran talatin da uku, wai sai an kafa ƙaramin kwamiti, kuma Alhaji Zailani aka ba shugabancinsa. Na rubuta wasiƙa biyar a kan a ba mutanen ruga damar zaɓen mai zama kujerarsu. Amsa ko ɗaya.

Hafizu ya zo ya tsaya a gindin kukar, ya kora shanu ya ga takwas sun wuce a jere, kafaɗa da kafaɗa. Ya ce zai ƙara damina ɗaya ya gani. Iya ta kwance kayan da ta fara ɗaurewa.

Na ce mata tunda turken ya koma, ta kwance ƙulle-ƙullen nan mana, igiya ta huta. Ta naɗe abarta, ta cusa ƙarƙashin faifan ƙwarya, na taya ta ɗora kaya.

"Bar su, Sakatare. Sai na ga inda ya kwana baɗi."