Yaya Mai Rariya Ta Kwanta Dama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuni, ina tsaye gaban tandar ɗakin bincikenmu ina jiran ta huce, mijinki ya kira ni a waya. "Yayarki ta cika," ya ce. Na zauna a kujerarki mai karyayyen hannu, ko kuka na kasa. Wata gajiya ce ta sauko mini, har yau ba ta sake ni ba.

Ba mu haɗa uwa ko uba ba, aiki ne ya haɗa mu. Amma tun da aka turo ni ƙarƙashinki kika hana ni ce miki Farfesa. Kowa a sashenmu Mai Rariya yake kiranki, ni kuwa Yaya nake ce miki.

Aikinki ne ya jawo miki sunan. Kikan haɗa wani sinadari dangin sabulu da ruwan sinadarin ƙarfe, ƙwayoyin sabulun su jeru layi-layi, ƙarfen ya daskare a kewayensu. Sai a tsoma gilashi a ciki, a zaro shi a hankali, a gasa a tanda har sabulun ya ƙone. Abin da zai rage wata fata ce wadda ko kaurin ɓawon albasa ba ta kai ba, cike da ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa ya wuce, dauɗa ta tsaya. Mijinki yakan yi miki tsiya, wai duk matan duniya tasa ce kaɗai ke neman sabulu don ta ƙona.

Burinki bai wuce ki tace baƙin ruwan rinin da masana'antu ke kwararawa a rafin bayan unguwarku ba. Ƙaramar rariya kamar tafin hannu takan fito lafiya lau. Da mun faɗaɗa ta ta kai faranti, sai ta tsage. Danshi ya yi yawa a ɗaki, ta tsage. An ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, ta tsage. Shekara da shekaru muna buɗe tanda muna kwashe tarkace. Abokan aikinmu suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma inda kayan aiki suka wadata. Ke ma an neme ki, kika ce rafin ba zai bi ki can ba.

Ba zan manta da lokacin da nake da cikin fari ba. Na ɓoye, don ina tsoron a cire ni daga aikin. Kika lura da yadda nake kauce wa warin sinadarai, kika ja ni bakin ƙofa. "Daga yau kada ƙafarki ta sake taka ɗakin nan," kika ce. Na ɗauka kora ce. Ashe ke za ki riƙa yin nawa aikin a kan naki har na haihu, kina kawo mini sakamakon gida mu duba tare. Da binciken ya fito, sunana ne a gaba.

Da ciwon ƙoda ya kama ki, ni nake raka ki wankin ƙoda idan mijinki yana wajen aiki. Rannan kina kwance, jini na zagayawa ta cikin na'ura, kika ƙura wa matacinta ido, kika tambayi ma'aikaciyar jinya girman ƙofofinsa. Ta ce, "Mama, ki huta mana." Kika yi murmushi kika ce da ni, "Kin gani? Wani ya sha wahala irin tamu, tasa ta yi." Daga nan barci ya ɗauke ki, hannunki cikin nawa, ba nauyi ko kaɗan.

Bayan an kai ki makwancinki na koma na buɗe tandar. Rariyar da ke ciki ita ce ta ƙarshe da kika tsara mana daga gadon asibiti, kika ce mu rage saurin wutar. Ta tsage, Yaya. Sai dai a gefe ɗaya kawai, tsakiyarta lafiya. Ban san ko murna zan yi ba, kuma babu wanda zan nuna wa ya gane abin da hakan ke nufi. Ɗalibanki sun tsaya suna kallona, suna jiran in ce wani abu. Na ce su wanke gilasai, za mu sake haɗawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki mata biyu, da mahaifiyarki wadda tsufa bai hana ta zaman jinyarki ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba mu ƙarfin abin da kika bar mana. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinki. Kin gaji, Yaya. Allah Ya hutar da ke a Aljanna.