Matar Ramesh Tana Tambayar Ƙarfe Nawa

Yau da safe ina ɗaura takalmin aiki aka kira ni, wai Ramesh ya rasu.

Ramesh ɗan Indiya ne, mabiyin addinin Hindu. Tare muke gyaran AC a gidajen unguwar Al Gharrafa, a nan ƙasar Larabawa. Jiya ya kwanta a ɗakinsu na unguwar Mansura, bai tashi ba.

Yana da kalandar addininsu a waya, mai nuna lokaci mai kyau da mara kyau a kowace rana. Idan mugun lokacin da suke kira Rahu ya shiga, ba ya fara sabon aiki. Sai ya sayo mana shayi, ya ce, "Bulus, zauna. AC ba gudu za ta yi ba."

Ni Kirista ne, ban yarda da kalandar ba, ya kuma sani. Bai taɓa jin haushi ba. Ranar da aka yi wa matata tiyata a Jos, shi ya hau rufi cikin zafin rana a madadina, ya ce in zauna kusa da waya.

Jiya da yamma a bakin tashar jirgin Metro na ga ya dafe ƙirji. Ya yi dariya, "Zafi ne kawai. Khalas, shi ke nan, sai gobe."

Ɗazu matarsa ta kira ni daga ƙauyensu. Ba ta tambayi abin da ya kashe shi ba. Cewa ta yi, "Ɗan'uwa, ƙarfe nawa ya cika?" Ashe a wajensu, idan mutum ya rasu a mugun lokaci, suna tsoron mutuwa ta sake shiga gidan, sai an yi wasu addu'o'i na musamman. 'Ya'yansu biyu suna gefenta, ina jin muryarsu.

Ban sani ba. Abokan ɗakinsa ma barci suke.

Na so in faɗa mata wani lokaci mai kyau don hankalinta ya kwanta. To, wanne ne mai kyau? Mai duba mana kalandar ya tafi. In kuma na faɗi ba daidai ba, wani abu ya sami yaran fa? Ban yarda da abin ba, amma na kasa yi mata ƙarya.

Na ce mata zan je asibiti in tambayi likita. Ta ce tana riƙe da wayar.

Ubangiji ya yi wa Ramesh jinƙai, ya tsare yaran nan, ya cire wa uwarsu tsoro. Don Allah ku sa su a addu'a. Ku roƙa mini in samo mata amsa.