Sifeton Gidanmu da Baƙin Yashi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar matata Asabe, Allah ya jiƙanta. Tun da fari bari in sauƙaƙa wa mai karatu: in ana neman wawa a labarin nan kada a wahala, ni ne. Aji uku na yi a firamare, amma na daɗe ina ɗaukar kaina injiniya don kawai na iya kunna injin tace kuza.

A rumfar tace kuza muka haɗu da ita, nan Jos. Ni ina bakin inji, ita tana cikin matan da ke shanya da tankaɗe. A zamanin nan ƙura ita ce shaidar ka yi aiki. Wanda ya tashi gashin idonsa bai yi fari ba, ba a ɗauke shi ma'aikaci ba. Asabe kaɗai ke ɗaure hanci da ɗankwali. In na koma gida kuma, a zaure take tare ni, in tuɓe kayan aiki, in wanke hannu da fuska, sannan ta ɗura mini nono wai ya wanke ƙirji. Ni na laƙa mata suna Sifeto, sunan ya bi ta har kasuwar Laranto, masu sayar da kayan miya ma da shi suke kiranta.

In an gama cire kuza, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke saura, tuli-tuli a bayan rumfa. Yana da laushi, yana ƙyalli, kuma kyauta ne. Da na tashi gina ɗaki na biyu a gidana, sai na sa aka juye mini tifa guda a ƙofar gida, ina tafiya ina kaɗa kafaɗa. Asabe ta fito ta dube shi, ta ce ba za a shafe mata ɗaki da shi ba. Na nemi hujja irin ta masu ilimi. Ta ce ba ta da ita. Abin da ta sani shi ne, Bature ya kwashe kuza, da zai tafi ya kwance har ƙarafan inji, to me ya gani a yashin nan da ya bar mana shi?

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta kife tukunya, ta koma cin abinci wurin maƙwabciyarmu kuma aminiyarta Mama Nkechi, mai shagon kayan masarufi. Yunwa ta yi mini wa'azi, na sayo yashin rafi, baƙin kuma aka kwashe shi zuwa bayan katanga. Har ta koma ga Allah ban daina yi mata gorin yashin nan ba.

Yau ɗanmu Nasiru ne ke bakin injin da na bari. Tun da aka dawo mulkin farar hula na fara jin wai gwamnati na aika mutane su duba lafiyar wuraren aiki, masu walda su sa gilashi, masu tsaga katako su rufe bakin zarto, masu fasa dutse su toshe hanci. Na ce maganar rediyo ce. Sai ga Nasiru ya dawo wata rana da takunkumi rataye a wuya da safar hannu, ya ce an zo rumfarsu, an hana cin abinci a bakin inji, an kuma sa a killace baƙin yashi. Wai yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, yana cin jiki a hankali. Ya ce mutane da yawa sun yi shafe da shi.

A nan na tuna da ɗakin nan na biyu da na gina. A ɗakin nan jikokina biyu ke kwana tun haihuwarsu. Yashin rafi na saya, gaskiya ne, amma tulin baƙin ya jima kusa da birkila, kuma birkilan ya daɗe da mutuwa, ba wanda zan tambaya ko ya ɗiba ya cika.

Nasiru ya roƙi jami'ar da ta jagoranci masu binciken, ta yarda ta biyo. Mace ce, jama'a! Sifeto ta gaske, da hular kwano a kan ɗankwali. Tana riƙe da wani ɗan akwati da bai fi rediyona ba, wanda ke ƙara in ya ji abin. Ta fara da bayan katanga, inda ragowar tulin yake. Akwatin ya ɓarke da ƙara kamar ana soya gyaɗa. Ban taɓa jin ƙasa ta yi magana ba sai ran nan. Na yi shekaru ina taka wurin da silifa.

Sannan ta shiga ɗakin yara. Ta bi bango ɗaya bayan ɗaya, har ƙasan gado, mu kuwa muna bakin ƙofa, Mama Nkechi ta rufe shago ta zo ta tsaya a bayana. Akwatin sai ya yi ɗan ƙyas, ya yi shiru, ya sake ƙyas. Jami'ar ta ce wannan ba komai, ko'ina a garin nan haka yake, yara su ci gaba da kwana. Na koma na zauna a dakali.

Na tambaye ta batun nono, ta ce ba ya wanke ƙura, sai dai ya yi wa ciki daɗi. To, a nan dai Sifetona ta faɗi jarrabawa, kuma da tana nan da na yi mako ina tuna mata. Amma ina tunanin me za ta ce da ta ga ɗankwalinta ya zama doka, har gwamnati na sayen mota don a zo a tabbatar an ɗaura. Ba ta bar gona ba, ba ta bar ko hoto mai kyau ba. Ta bar bango huɗu da akwati ya saurara bai ji komai ba, da yara biyu da ke barci a tsakaninsu.

Da numfashina ya dawo, halina ma ya dawo. Na gyara hula na ce wa jami'ar, ai mu tsofaffin ma'aikata mun daɗe da sanin sharrin yashin nan, shi ya sa ban bari ya taɓa ɗakina ba.

Mama Nkechi ta taɓa kafaɗar jami'ar ta ce, “Madam, kawo wannan akwati ka sa a bakin Baban Nasiru. Amma riƙe shi da kyau, zai fashe.”