Shafukan da Na Manne da Ƙaro

Sana'ata ɗinkin gafaka da gyaran littattafan da suka yage, a wata 'yar rumfa a bakin kasuwar Daura. Karatun bokona a aji shida ya tsaya. Ina faɗin wannan ne don a san iyakacin sanina, ba don in wanke kaina ba.

A shekarun da aka dawo da shari'a, 'yata ta fari tana aji biyar. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Yarinya ce mai tambaya. Ba ta barin mutum ya gama tuwo sai ta tambaye shi inda tururuwa ke kwana da damina. Wata rana malamarsu ta rubuto mata littattafai huɗu da ta ce sun dace da yara: biyu na tarihi, biyu na kimiyya. Na hau mota zuwa Katsina na samo uku.

Na tarihin sun yi mini daɗi. Ɗaya yana bayanin ganuwa da ƙofofin garuruwan Hausa, ɗayan kuma fataken da ke ratsa hamada da raƙuma. A mota na kusa cinye su. Na ukun kuwa na sararin sama ne. A tsakiyarsa na tarar da hoton ƙwallaye uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, an ja layuka tsakaninsu. Na juya littafin sama da ƙasa, ban gane komai ba.

Washegari a rumfa na dama ƙaro, irin wanda nake liƙa bango da shi, na manne shafuka huɗun nan. Aiki mai kyau na yi, ko kumbura ba su yi ba.

Kwana biyu da ba ta littattafan, sai ga ta da na sararin saman.

"Baba, daga shafi na ashirin sai na ashirin da biyar. Ina sauran?"

Na ce, "Akwai abin da bai dace da ɗan Musulmi ba a ciki."

A lokacin irin wannan magana ba a yi mata gardama, ni ma na sani. Gaskiyar ita ce tsoro na ji kada ta nuna mini hoton ta ce mene ne, in rasa amsa. Na ɗauki addini na rufe jahilcina. Allah Ya yafe mini.

Ba ta yi kuka ba. Tambaya kawai ta daina. Na fara cin tuwona shiru, kuma bai yi mini daɗi ba. Mahaifiyarta ta ce, "Malam, ka tsorata yarinyar nan. Yanzu gani take kowace tambaya zunubi ce."

Ana haka sai aka yi kusufin rana da hantsi. Gari ya yi duhu-duhu, kaji suka nufi akurki, yara suna ta bugun gwangwani. Kafin in tafi masallaci na tsaya a tsakar gida na ƙura wa rana ido, don ina son in ga abin da ke cin ta. Uwata tana bakin ƙofar ɗaki, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe. Wannan rufe bakin ya fi komai damuna.

Kwana uku ina ganin wani koren ɗigo a duk abin da na kalla, zare ma ba na iya sawa a allura. Na je wajen limaminmu, na gaya masa abin da na yi wa littafin. Ya yi dariya har ya riƙe gemu.

"Kai da aka sani da gyaran littafi, kai ne ke kulle shi? Wanda Ya halicci rana ai ba Ya jin tsoron a san hanyarta. Je ka buɗe wa yarinya."

Na ɗora buta a wuta, na kara shafukan a bakin tururi, ina ɗaga su da tsinke a hankali. Ɗaya ya ɗan yage a gefe. Na kira ta na miƙa mata.

"Uwata, ƙarya na yi miki. Ban gane hoton ba ne. Karanta mana."

Ta dube ni jim, sannan ta ɗauko ƙwarya da lemo da goriba ta jera a tabarma. Ƙwarya rana ce, lemo duniya, goriba wata. Ta tura goribar tsakani, inuwa ta faɗa kan lemon. Sai ta koma littafin, ta sa yatsa a ƙasan shafin da ya yage.

"Baba, nan an ce kada a kalli rana da ido lokacin kusufi."

"To, ai na riga na karanta wannan da idona."

Ta yi dariya. Na ce, "Amma tsaya. In wata na zagaya mu kullum, me ya hana a yi kusufi kowane wata?"

Ta duba gaba, ta duba baya. "Ba su faɗa ba. Wataƙila yana cikin na huɗun da ba ka samo ba. Baba, Kano akwai shi?"

Ranar Asabar muka hau motar Kano tare. Tun daga tasha ta fara tambaya.