Fasfon da Na Ɓoye wa 'Yata

Edita, sallama. Ni manomin rani ne a Watari, tumatir da albasa. Lokacin da abin nan ya same ni na haura arba'in da biyar, ina da fili a bakin ruwa da shanun huɗa biyu. Na yi allo, boko kuwa aji uku na yi na gudu. Hausa ina karantawa, Turanci ko na jikin kwalin magani ba na ganewa.

Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir, wani dillalin tafiye-tafiye ya same ni a kasuwar kayan gwari. Ya ce akwai ƙasa a Turai, Romaniya, matasanta sun watse maƙwabta neman aiki tunda su ba a tare su a hanya, gonaki sun rasa masu nomawa. Ya ce mai hannu irin nawa suke nema. Na tambaye shi ko biza iri-iri ce, ya ce biza biza ce, in dai an manna, shi ke nan. Ya kawo takardu na Turanci na dangwala hannu ban kai wa kowa ba, na sayar da shanun na ba shi kuɗin, na ba ɗan'uwana aron filin. Bayan watanni ya miƙo mini fasfo da takarda manne a ciki, ya ce in an tambaye ni a can in yi shiru in nuna.

To mu nan mun tashi da cewa ba a faɗin tafiya sai ta tabbata, saboda kambun baka. Na riƙe wannan da ƙarfi. Na naɗe fasfon a leda na tura cikin buhun gero. 'Yata ta fari tana aure a Bacirawa, malamar makaranta ce, da kuɗin albasa na karantar da ita. Sau biyu ina zuwa gidanta a watan, ban nuna mata ba. Ba don ina zarginta ba, sai don na san za ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa gari. Ana gobe tafiya na sanar, aka yi mini addu'a a masallaci.

A filin jirgin Romaniya ma'aikacin shige da fice ya ƙi yarda da shiru. Wani ɗan Najeriya da ke bayana a layi ya yi mana tafinta. Aka ce me ya kawo ni, na ce noma, shekara biyu. Ban iya ƙarya ba, kuma ban san akwai abin ɓoyewa ba. Ashe bizar ta ziyara ce ta 'yan kwanaki, wai na zo kallon baje kolin kayan gona. Ta aiki daban take, sai mai gonar can ya nema maka izini da sunanka. Kwana biyu na yi a wani ɗaki ba taga, suka sa ni a jirgi. Ko ƙasar gonarsu ban taka ba.

Da na sauka Kano kunya ta hana ni zuwa gida, na wuce Bacirawa. 'Yata ta buɗe fasfon, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ɗago. Ta ce, "Baba, ai a rubuce yake, ba a yarda ka yi aiki ba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sati shida na yi a ɗakin baƙinta, ƙauye na cewa ina Turai. Dillalin ya kashe waya. Surukina ya ba ni shawara in cika shekara, ya samo mini gadi, in koma in ce kwangila ce ta ƙare. Na kusa yarda. Sai na ji an kusa sakin ruwan rani, kuma ɗan'uwana ya fara cewa wanda ya ga Turai ba zai dawo taɓo ba, fili ya zama nasa. In ya sake dasawa a kai, karɓa sai da shari'a. Na ce a'a. Shanu sun tafi, fili ba zai bi su don tsoron dariya ba.

Ranar kasuwa na koma, da rana tsaka, a kan babur. Na tsaya a majalisa na faɗi komai da bakina kafin wani ya faɗa mini. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce Bature yaya sanyi, na ce ya tambayi ubansa da bai taɓa wuce Ungogo ba. Washegari na karɓi filina, na yi kaftu da fartanya tunda ba shanu.

Har yau Baturen Watari suke ce mini, ina amsawa. Ban yi sata ba, neman halal na fita, kuma gobe in bizar aiki ta gaskiya ta samu zan sake hawa jirgi. Nadamata ɗaya ce, kuma ita nake so masu karatu su ji. Ɓoye tafiyarka ga 'yan majalisa in ka so, amma takardar da ba ka iya karantawa, kai wa naka ya karanta maka kafin ka sayar da ko akuya. Bakin mutane bai yi mini komai ba. Shiruna ne ya ci shanuna.