Injiniyan Gidanmu da Gorar Man Gyaɗa

Ko zan manta komai na zaman aurena, ba na jin zan manta Asabar ɗin da maigidana ya wayi gari ya naɗa kansa injiniya. Shekaru sun ja, yaran da ke rarrafe a lokacin yanzu suna sakandare, amma har yau in na hango galan ɗin baƙin mai a bakin titi sai na ji wani wari ya taso mini tun daga can baya.

A Bulumkutu muke zaune. Lokacin zafi ne, irin zafin Maiduguri da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, wutar lantarki kuwa ta yi tafiyar da ba sallama. Ranar surukata, Hajiya, za ta zo mana wuni daga Hausari. Tsohuwa ce mai hawan jini da gyambon ciki, ba ta cika fita ba, in ta zo gidanka sau ɗaya a shekara ka gode wa Allah. Don haka dole fanka ta juya, ga shi ɗan janaretonmu ya isa juyen mai.

Na ce a kira makaniken bakin layi. Maigida, wanda aikinsa na ofis ne, biro da fayil, ya dube ni kamar na zage shi.

"Makanike? A kan juyen mai? Haba Maman yara, to littafin da ya zo da injin na mene ne?"

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Ya tsiyaye tsohon man lafiya lau, in ban da rabinsa da simintin tsakar gida ya shanye. Littafi ya ce injin yana cin rabin lita da ɗan ɗori, wai kashi shida cikin goma. Shi kuma galan ya sayo mai lita huɗu, don a ganinsa mai hankali ba ya sayen ƙarami. Wanda ya ƙera wannan galan, ina zaton bai taɓa zuba mai a komai ba. Bakinsa a kusurwa ɗaya, mariƙinsa a wata. In ka karkata shi kaɗan ba ya zuba, in ka ƙara sai ya yi gyatsa ya amayo maka kofi guda a hannu. A gefensa akwai wani siririn layi da ake ganin mai ta ciki, da lambobi ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Sai dai ba ka ganin inda man ya tsaya sai galan yana tsaye, in kuwa yana tsaye ba ya zuba. Ramin zuba mai na janareton shi ma yana can ƙasa a gefe, ya ɓuya bayan ƙarfe kamar mai jin kunya.

Haka Injiniya ya yi ta fama. Ya zuba, ya tsayar, ya tsuguna, ya kanne ido, ya goge tabarau da gefen singileti, ya sake zubawa. Ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari, mazurari ya kife. Ni ina bakin murhu ina gyaran kifi, giwan ruwa ne mai kyau da na sa aka kawo mini don Hajiya, ina kallo ta wutsiyar ido ina jin daɗina.

Can sai ya miƙe ya tafa hannu. Ilhama ta sauka. Ya shiga kicin ya fito da gorar man gyaɗata ta lita ɗaya, wadda ta ƙare, fara tas ana ganin ciki. Ya auna tsawonta da rular yara, ya yi lissafi a bayan kwalin ashana, ya ja layi da biro. Dabarar ita ce ya cika ta fal, ya yi ta zubawa a injin har man ya sauko kan layin, abin da ya rage ya rage.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na ga gorar, na san ta abinci ce, maganar ta zo har kan harshena. Amma na ce a raina, bar shi, ai Injiniya ba ya son shawarar masu girki. Na yi shiru don ina jiran in ga ƙarshen wasan. Na kuwa gani.

Janareto ya tashi, fanka ta juya, maigida ya zagaya tsakar gida hannu a baya kamar wanda ya kawo wa jihar Borno wuta. Ni kuma na shiga ɗaki na bi ko'ina da turaren wuta, har labule sai da ya ƙoshi, don 'yar Maiduguri ba ta tarbar suruka da gida salam. Ga mura da ta toshe mini hanci kwana uku. Ba a jima ba keke napep ya sauke Hajiya, aka shimfiɗa mata darduma a ƙarƙashin fanka, aka gaisa, na koma bakin aiki.

Abin da ban sani ba shi ne, mutumin da shekara goma bai taɓa mayar da kofin shayi mazauninsa ba, ranar nan tsari ya kama shi. Ya rufe gorar da sauran man a ciki, ya goge ta tsaf, ya mayar da ita kan kantar kicin inda ya ɗauko ta, kusa da 'yar'uwarta mai man gyaɗa na gaske. Wanda bai sani ba ya sani, sunansa ne kawai baƙin mai. Sabonsa garai-garai yake, ruwan zuma, ka rantse daga injin matsar gyaɗa ya fito.

Na miƙa hannu ba tare da na duba ba, na juye a kasko. Na ga yana zuba da nauyi, na ce mai man nan ya fara haɗa mana da wani abu, zan same shi. Hayaƙi ya tashi shuɗi-shuɗi, na ce na janareto ne iska ke korowa. Na jera kifi. Ya yi wata irin kumfa, ya ƙi yin ƙarar da na saba ji, na ce kifin ne bai tsane ba. Kowa na ɗora wa laifi a ranar, mai mai, iska, kifi, ban da Injiniya.

Na kwashe kaskon farko. Burabiskon Hajiya yana cikin kwano, na zaɓi tsoka biyu mafi kyau na ɗora a kai, har na ɗebo cokali guda na man suyan zan yaryaɗa mata, don haka take so.

Maigida yana da wata ɗabi'a da na yi shekaru ina yaƙi da ita, satar suya daga faranti. Ranar ita ta cece mu. Ya leƙo, ya ɗauki ƙatuwar tsoka ya jefa a baki. Ya tauna sau biyu, ya haɗiye rabi don kada in kama shi. Sai fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ya tofar da sauran a gindin murhu yana kaki.

"Wannan wane irin kifi ne? Kin bari an cuce ki, ruɓaɓɓe aka ba ki!"

Na ce, "Kifin da na wanke da hannuna?"

"To me ya sa yake ɗanɗanon gareji?"

Kalmar gareji ce ta juyo da kaina wajen kanta. Gorar man gyaɗa tana nan ba a taɓa ta ba. Wadda na juye tana gefen murhu, ga layin biro a cikinta shar, an ja shi da rula.

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Ba wasa a wannan wurin. Na zauna a ƙasa ina kallon kwanon Hajiya. Taku goma ne tsakaninsa da ita. Tsohuwa mai gyambon ciki, wadda kunya ba za ta bari ta tofar da abincin surukarta ba ko da ta ji wani iri. Kuma da wani abu ya same ta, duk Hausari ba wanda zai tambayi wa ya ja layi da biro. Za a tambayi wa ya dafa.

Hajiya ta ji hayaniya ta fito tana dogara sanda, lafayarta na jan ƙasa. Na ɗauka tawa ta ƙare. Ta saurari bayanin ɗanta, wanda ya fara da "a kimiyyance". Ta ɗauki gorar ta shinshina, ta dubi layin, ta dube shi. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa.

"Kai, wannan zanen naka ne?"

"Hajiya, awo ne. Littafin ne ya ce..."

"Littafin ne ya ce ka ajiye a kicin?"

Injiniya ya hau goge tabarau, ita kuwa ta ci gaba.

"Ubanka shekara talatin yana tuƙa babbar mota, ban taɓa cin baƙin mai a tuwo ba. Sai da na haifi mai digiri." Ta juyo gare ni. "Tashi, 'yata. Jiƙa mini gari da ƙuli, shi ba ya bukatar injiniya."

A keke muka kai shi wani ƙaramin asibiti. Likitan ya tambaye shi nawa ya haɗiya. Mutumin awo ya kasa faɗa. Aka duba shi, aka ce kada ya tilasta wa kansa amai, ya koma gida, in ya ji numfashinsa ya canja ya dawo da gaggawa. Allah ya taƙaita, abin ya tsaya a ciki. Kwana biyu yana sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki, ni kuwa duk wucewarsa sai na ce, "Sannu Injiniya, juyen mai ake yi?"

Kifi ya tafi rami, muka binne shi don kada kuliyoyin unguwa su ci. Kaskon ma na haƙura da shi. Janareto kuwa kafin la'asar ya fara tari yana fitar da farin hayaƙi, ya mutu, Hajiya ta ƙarasa wuninta da mafici. Washegari dai makaniken nan ya zo. Ya ce man ya yi yawa, don Injiniya ya manta da wanda ya riga ya zuba tun daga galan kafin ilhama ta sauka. Ya rage shi, ya nuna mana ramin ya ce, "Alhaji, ba a awo. Ka ajiye injin a daidai, ka zuba har ka ga mai ya zo leɓen ramin, shi ke nan." Aikin da ya ci mana safiya guda da kifi da kasko, minti biyar ya ɗauke shi.

Na daɗe ina ba da labarin nan a gidajen biki ana dariyar maigidana, kuma ya cancanta. Sai da girma ya zo na yarda cewa rabin laifin nawa ne. Shi girman kai ya hana shi tambaya, ni kuma son in ga kunyarsa ya hana ni magana. Abin da na koya shi ne, duk abin da ba a ci, ba ya shiga mazubin abinci, ko na minti ɗaya ne. Kuma in ka ga naka zai yi kuskure, faɗa masa tun da wuri ko zai ji haushi, don kunyar da ka zauna jiran ya sha, a kwano ɗaya za a zubo muku ita.